Allurar da Ta Tsaya a Kan 2.04

Ranar Laraba, 13 ga Janairun 1982, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, wani jirgin kamfanin Air Florida ƙirar Boeing 737-200 ya ɗaga daga filin jirgin sama na National da ke Washinton, zai nufi Tampa, daga can ya zarce Fort Lauderdale. Bai fi rabin minti a sama ba. Ya daki gadar Titi na 14, ya bi ta kan motoci bakwai, ya faɗa Kogin Potomac wanda ƙanƙara ta rufe. Mutum 79 ne a cikinsa, biyar kaɗai suka tsira. A kan gadar ma mutum huɗu sun rasu.

Abin da duniya ta riƙe daga wannan rana shi ne aikin ceto, domin an nuna shi a talabijin. An ga jirgi mai saukar ungulu yana zuro igiya cikin ruwan sanyi. An ga wani ma'aikacin gwamnati, Lenny Skutnik, ya tuɓe rigar sanyinsa ya faɗa kogin ya jawo wata mata da hannunta ya kasa riƙe igiyar. Akwai kuma fasinjan nan, Arland Williams, wanda duk sa'ad da igiya ta zo gare shi sai ya miƙa wa na kusa da shi, har ruwa ya ci shi. Gadar a yau sunansa take amsawa.

Masu binciken Hukumar Kiyaye Haɗurran Sufuri ta Amurka, wadda ake kira NTSB, su kuwa tambayar da ke gabansu daban ce. Jirgi ne lafiyayye, injinansa biyu, kayansa ba su wuce ƙa'ida ba. Me ya hana shi hawa?

Wanda aka fara zargi, kowa ya san shi. Tun da hantsi dusar ƙanƙara take zuba a birnin, har aka rufe filin jirgin sama fiye da sa'a guda don a share titi. An wanke jirgin da ruwan maganin ƙanƙara, amma tsakanin wankin da tashin an yi kusan minti 49, dusar kuwa ba ta tsaya ba. Shaidu sun ga farin abu kwance a kan fukafukansa. Ƙanƙara a fiffike ba ƙaramar masifa ba ce: tana lalata santsin da iska take bi, ƙarfin ɗagawa ya ragu. An kuma riga an san wani hali na 737, cewa idan gaban fiffikensa ya yi ƙanƙara, yakan ɗaga hanci da kansa fiye da yadda matuƙi ya nema.

Da an tsaya nan, da an rufe magana, ba kuma wanda zai ce an yi ƙarya. Sai dai lissafi ya ƙi fita. Jirgin ya ci titi fiye da yadda ya kamata da kimanin ƙafa 2,000, wato wajen mita 600, ya kuma ƙara kusan daƙiƙa 15 a guje kafin ƙafafunsa su bar ƙasa. Ƙanƙarar fiffike tana hana jirgi tashi da kyau, amma ba ita za ta sa ya yi nawa haka tun yana ƙasa ba. Idan aka ce taɓon dusar da ke kan titi ne, to ai jirage sun yi ta tashi a titin nan, har da wani DC-9 na kamfanin New York Air da ke gabansa a layi. Wannan jirgi dai ba shi da ƙarfi tun daga farkon gudu.

Ke nan inji ne? Aka tsamo injinan biyu daga kogi, ƙirar JT8D na kamfanin Pratt & Whitney, aka duba su ciki da waje. Ba a ga alamar wani abu ya lalace kafin faɗuwa ba. Inji lafiya lau, amma turawarsa ta gaza. Nan gizo ke saƙa.

Bayan mako guda masu nutso suka samo baƙaƙen akwatuna biyu. Na farko, mai naɗar bayanan tafiya, tsohon yayi ne, irin mai karce layi a jikin siririn fallen ƙarfe. Abin da ya sani kaɗan ne: tsayin jirgi daga ƙasa, gudunsa, inda ya fuskanta, da girgizar hawa da sauka. Game da inji, ko kalma ɗaya ba shi da ita. Ya dai tabbatar da cewa jirgin bai wuce ƙafa 352 a sama ba. Sauran fata ya koma kan akwati na biyu, mai naɗar muryoyin ɗakin matuƙa.

Matuƙan biyu matasa ne. Kyaftin Larry Wheaton yana da shekara 34, mataimakinsa Roger Pettit yana da 31, tsohon matuƙin jirgin yaƙi na F-15. Pettit ne ke riƙe da tuƙi a wannan tashi. Ana tura totur, sai aka ji kyaftin yana maimaita cewa akwai sanyi sosai. 'Yan daƙiƙoƙi bayan haka Pettit ya ce a dubi abin nan, anya daidai ne kuwa? Ya sake cewa ba daidai ba ne. Kyaftin ya ce daidai ne mana, ga shi sun kai gudun tamanin. Pettit ya ce shi dai bai ga alamar daidai ba ne, sai kuma ya sassauta, ya ce to, wataƙila daidai ne. Maganarsu ta ƙarshe ita ce Pettit yana kiran sunan Larry yana cewa faɗuwa suke yi, shi kuma ya ce ya sani.

Wane abu ne ba daidai ba? Pettit bai ambaci sunansa ba. Ya ga wani abu a gabansa wanda ya saɓa wa hankalinsa, ya faɗa har sau huɗu, amma tef ba ya ɗaukar hoto.

A nan ne masu binciken suka daina sauraron mutanen, suka koma sauraron abin da ke bayan muryoyinsu. Makirifon da ke ɗakin matuƙa ba ya zaɓe. Duk ƙarar da ta shigo yana ɗauka, har da kukan inji. Wannan kuka kuwa yana da lissafi. A bakin inji akwai fanka mai fukafukai da aka san yawansu. Duk fiffiken da ya wuce yana bugun iska sau ɗaya, saboda haka kaifin sautin ya dogara ne ga yawan fukafukan da kuma yawan juyawar fankar a daƙiƙa guda. Wanda ya auna kaifin sautin, ya san yawan fukafukan, to ya san gudun fankar. Aka sa tef ɗin a na'urar da ke rarrabe sauti zuwa zare-zare, aka ware zaren fankar. A irin wannan tashi ya kamata ta riƙa juyawa wajen kashi 90 cikin ɗari na iyakarta. Abin da tef ya nuna bai wuce kashi 80 zuwa 84 ba, kuma a injinan duka biyu.

An sami amsa ɗaya, ta haifi wata tambaya wadda ta fi ta wuya. Inji ba ya ba da abin da ba a nema ba. Ashe matuƙan ba su tura totur har inda ya kamata ba. To don me ƙwararru biyu za su tashi a gajeren titi, cikin dusar ƙanƙara, da ragin ƙarfi, kuma ɗayansu ya nace cewa komai daidai?

Sai an fahimci yadda matuƙin irin wannan jirgi yake sanin ƙarfin injinsa. Babu wani sikeli da ke auna turawa kai tsaye alhali jirgi yana tafiya. Dabarar da aka yi ita ce auna matsin iska a wurare biyu. Inji yana zuƙar iska ta gaba, ya matse ta, ya ƙona mai a cikinta, ya feso ta ta baya da ƙarfi. Iya yadda matsin iskar da ke fita ya rinjayi na wadda ke shiga, iya ƙarfin turawar. Don haka aka dasa ɗan bututu a gaba, a tsinin hancin da ke tsakiyar bakin injin, bakinsa yana fuskantar iska. Injiniyoyi suna kiransa Pt2. Aka dasa wasu a baya, inda iska mai zafi ke fitowa, su ne Pt7. Na'ura tana raba matsin baya da matsin gaba, abin da ya fito shi ne lambar da ake kira EPR, ita ce allura take nunawa a agogon farko, na can sama, a jerin agogunan inji. Inji a kashe, gaba da baya ɗaya ne, allura tana kan 1.00. Kafin kowane tashi matuƙa sukan duba jadawali, bisa zafin gari da matsin iskar wurin, su fitar da lambar da za su kai allura. A ranar nan lambar ita ce 2.04.

Amfanin wannan dabara a fili yake, amma tana da rauni ɗaya wanda duk mai zuwa kasuwar hatsi zai gane. Idan aka doke gindin mudu ya shige ciki, buhun da ke ba da mudu arba'in sai ya ba da arba'in da takwas, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙaru ba. Matsin gaba shi ne mudun. In ya ragu bisa kuskure, lambar da ke kan agogo sai ta hau.

Hasashe ne, sai an gwada. A kamfanin Boeing aka ɗauki wani 737, aka toshe bakin bututun gaba na inji ɗaya, aka bar ɗayan a buɗe, aka tura totur. Lokacin da allurar injin da aka toshe ta kai 2.04, ainihin abin da injin ke bayarwa 1.70 ne. Aka naɗi kukansa a wannan matsayi, aka gwama da na tef ɗin da aka tsamo daga kogi, suka zo ɗaya. Aka sa 1.70 cikin lissafin gudun jirgin a kan titi, tazarar nan ta mita 600 da daƙiƙa 15 ta fito. Kowane inji ya kamata ya tura da ƙarfin laba 14,500, amma abin da ya bayar kimanin 10,750 ne. Rubu'in ƙarfin jirgin ya tafi, allura kuwa tana zaune daram inda ake so.

Saura a san dalilin da ya sa toshewar take sa matsin ya ragu, maimakon ya tsaya cak inda yake. A jikin layin bututun akwai wata 'yar ƙaramar kafa da ke buɗewa cikin ƙoƙon hancin injin. Muddin bakin bututu a buɗe yake, ba ta da wani tasiri. Da zarar ya toshe, ita ce kaɗai hanyar da ta rage, sai na'ura ta koma auna iskar cikin ƙoƙon. Wurin nan kuwa, da inji ya fara zuƙa da ƙarfi, matsinsa faɗuwa yake yi. Daga 1.70 zuwa 2.04, lissafi ya nuna mudun ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Wannan ya kuma fassara maganar kyaftin ta farko. Allura ta yi tsalle da wuri tun totur bai je ko'ina ba, shi kuma ya ɗora abin a kan sanyi, domin gaskiya ne inji ya fi ƙarfi a iska mai sanyi.

Gwajin ya ba da wani abu kuma, wanda a ganina shi ne mafi kyawun hujja a binciken duka. Injin yana da na'urar hana ƙanƙara: ana ɗebo iska mai zafi daga cikinsa a hura ta a bakinsa da ƙoƙon hancin nan. Idan bututu ya toshe alhali na'urar tana kunne, iskar zafin tana cika ƙoƙon, matsi ya ƙaru, allura ta karanta ƙasa da gaskiya. Idan tana kashe, allura ta karanta sama da gaskiya. Wato ɓangaren da ƙaryar ta karkata shi kansa shaida ne. Tunda allurar jirgin nan sama ta yi, na'urar a kashe take. Aka koma farkon tef, lokacin da suke karanta jerin abubuwan dubawa bayan tayar da inji. Pettit ya kira na'urar hana ƙanƙara, kyaftin ya amsa: a kashe. Suka wuce zuwa layi na gaba. A waje, sanyi ya kai digiri 4 ƙasa da sifili, dusa tana zuba.

Mutanen Fulorida ne, ƙasar rana, bakinsu ya saba da wannan amsa. Kyaftin ɗin yana da sa'o'in tuƙi fiye da 8,000, amma tashi da sauka cikin dusar ƙanƙara a 737 bai yi fiye da takwas ba. Sauran abubuwan da suka yi a ƙasa ma haka suke nunawa. Da motar da ke tura jirgi baya ta kasa saboda santsi, sai suka gwada ja da baya da ƙarfin inji, abin da ke tayar da dusa ya watsa ta ko'ina. A layi kuma suka matsa dab da bayan DC-9 ɗin nan don zafin hayaƙinsa ya narkar musu da ƙanƙara. Ya narkar da wata, ruwan ya sake daskarewa. An gudu daga gara an faɗa zago. Ko da agogunan inji suka fara rawa tun suna layi, Pettit ya lura, amma suka ce hayaƙin na gaba ne.

Yanzu an san abin da Pettit ya gani. Ƙarƙashin agogon EPR akwai wasu huɗu ga kowane inji: gudun fanka, gudun cikin inji, zafin hayaƙi, da yawan man da ake sha. Dukansu suna nuna ƙasa da abin da aka saba gani a tashi. Totur ɗin ma bai kai inda hannu ya saba kai shi ba. Shaidu da yawa suna faɗin gaskiya, biyu suna ƙarya. Amma biyun nan su ne manya, su aka koya wa matuƙi ya fara duba, kuma bakinsu ya zo ɗaya, domin ƙanƙara ta toshe hagu da dama tare. Da ɗaya ce ta toshe, da saɓanin alluran ya tona asiri nan take.

Dakatar da tashi hurumin kyaftin ne, ba na mataimaki ba. Lokacin da Pettit ya fara magana akwai isasshen titi da za a tsaya. Sai dai hasumiyar filin jirgin ta riga ta ce musu kada su ɓata lokaci, ga wani Boeing 727 na kamfanin Eastern yana saukowa a bayansu kan titin nan. Suka ci gaba.

Suna ɗagawa hanci ya yi sama, sandar tuƙi ta fara karkarwa, gargaɗin cewa fiffike ya kusa daina ɗaukar jirgi. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa kowace matsala ita kaɗai ba ta isa ta kayar da shi ba. Da fiffike mai tsabta, 1.70 ta isa ya hau. Da cikakken ƙarfi, da ya tsallake duk da ƙanƙarar. Ko a cikin rabin mintin nan, da sun sauke hanci sun tura totur gaba ɗaya da wuri, da sun fita. Wannan ne wurin da ya fi ci mini rai. Ƙarfin yana nan, a ƙarƙashin tafin hannunsu. Amma an hore su da cewa wuce iyakar EPR ƙona inji ne, allura kuwa ta ce sun riga sun kai iyaka. Tef ya nuna kukan inji ya ƙaru daga ƙarshe, lokacin da gada ta riga ta iso.

Rahoton NTSB ya fito a watan Agustan 1982. Ya ɗora alhakin a kan rashin kunna na'urar hana ƙanƙara, tashi da dusa a fiffike, da ƙin dakatar da tashi bayan an ja hankalin kyaftin. Air Florida ya durƙushe a 1984. Tef ɗin kuwa ya zama abin koyarwa a makarantun matuƙa, kan yadda na ƙasa zai faɗi damuwarsa ƙarara da yadda na sama zai saurara. Samfuran 737 da suka biyo baya sun koma injin CFM56, wanda ake saita shi da gudun fanka, ba da EPR ba. Amma JT8D bai tafi ko'ina ba. Shi ne a jikin 737-200 da Nigeria Airways da Chanchangi suka yi shekaru suna jigila da su, ɗan'uwansa kuma shi ne a jikin MD-83.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan matsalar ƙasashen sanyi ce. Ba haka ba ne. Cikin daren 24 ga Yulin 2014, tsakiyar damina, wani MD-83 na kamfanin Swiftair na Sifaniya, wanda Air Algérie ya yi haya, ya tashi daga Wagadugu zuwa babban birnin Aljeriya da mutum 116. Matuƙan suka kauce wa wani hadari, suka kai ƙafa 31,000, suka bar wa na'ura tuƙi da totur. A wannan tsayi, ko a saman Sahel, sanyi ya yi nisa ƙasa da sifili, kuma gefen hadari cike yake da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara. Jim kaɗan bayan sun daidaita, bututun gaba na injin dama ya toshe, kafin minti guda na hagu ya bi. Na'urar hana ƙanƙara ba a kunna ta ba. EPR ta hau bisa ƙarya, na'urar totur ta ɗauka inji ya kai iyaka, ta hana shi ƙarfin da yake bukata. Na'urar tuƙi kuma, don ta riƙe tsayin da aka ba ta, ta yi ta ɗaga hanci sannu a hankali. Cikin minti biyar da rabi gudun jirgin ya sauko daga not 290 zuwa 200. Fiffike ya saki, jirgin ya faɗo a yankin Gosi na ƙasar Mali. Ba wanda ya tsira.

A wannan karo akwatunan sun yi musanyar matsayi. Tef ɗin muryoyi bai karantu ba, amma mai naɗar bayanai ya riƙe lambobin inji. Masu binciken Mali da na hukumar BEA ta Faransa suka jera EPR kusa da gudun fanka, suka ga daƙiƙar da suka rabu: ɗaya tana sama, ɗaya tana sauka. Rahoton ƙarshe ya fito a Afrilun 2016.

Cikin abin da binciken ya tono har da wani lamari na ranar 8 ga Yunin 2014, mako shida da 'yan kwanaki kafin haɗarin. Wani MD-83 na kamfanin Swiftair ɗin dai yana tafiya a ƙafa 33,000, da rana, a saman gajimare, sai gudunsa ya fara raguwa. Matuƙan suka lura, suka sauke hanci, suka kunna na'urar hana ƙanƙara, suka ci gaba da tafiyarsu.